Ɗan Naki Ya Fi Ni Tsawo

Cheetham Hill, Manchester
Satumba, 2013

Zuwa ga Yayata Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da surukarki Inno. Yaya ƙafar Inno da wannan sanyi da ya fara shigowa? Yaya aikin asibiti? Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kada ki yi dariya don kin ga takarda. Na san akwai waya. Amma in na kira ki, kafin in kai ƙarshen magana kin katse ni kin ba ni amsa, ni kuma sai in manta abin da ke cina. Malama Justina da ke koya mana karatu ta ce wadda ta koyi rubutu da girma, in ba ta yi kullum, hannun zai koma inda ya fito. In kin ga kuskure ki rufa min asiri. Ke aka kai boko, ni aka bari a gida ina taya Umma aiki.

Maganar ɗan naki ce. Kin san yadda rawar Irish ɗin nan ta shigo mana gida. Ajinmu na manya yana sama a hall ɗin unguwa, ajin rawar Monica yana ƙasa. Ina ajiye shi a benci yana ɗan shekara takwas in hau karatu, kafin in sauko ya shiga layi. Abban Raki ya je ya gani da idonsa, ya ga hannuwa a miƙe a gefe, ba mai taɓa wani, ya ce wannan ai fareti ne ba rawa ba, a bar shi. Tun daga nan kofuna suka cika mana saman talabijin.

To, Yaya, tun bayan azumi yaron nan ya miƙe. Ya fi ni tsawo. Wandon da na saya masa da sallah ya bar idon sawu a waje. Takalmin rawa na ƙarar nan ya matse shi, an sake, na biyun ma ya fara matsewa. Muryarsa in ya yi sallama ba ki sanin wa ya shigo, ta fara da ta Abbansa ta ƙare da ta Raki. Duk wannan ba komai, shekara goma sha huɗu ce. Abin da ke damuna rawar ce. Da in yana yi a kicin kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Yanzu sai in ji ya fara, ya tsaya, ya koma farko, ya sake tsayawa a daidai wurin. Wani lokaci in ji ya daki bango. Da safe kuma yana saukowa bene yana ɗingishi, in ya hango ni sai ya gyara tafiya.

Abbansa ya kai shi wajen GP, likitan unguwarmu. An ce ƙashi ne ya riga jijiya girma, shi ya sa ƙasan gwiwa ke ciwo. A rage tsalle, a riƙa sa ƙanƙara, zai wuce.

Ranar Talata Monica ta tsare ni a bakin ƙofa. Ta ce duk yaron da ta taɓa koyarwa sai da ya bi ta nan. Jikin da ya saba da shi ya tafi, an ba shi sabo, sai ya koyi zama a ciki. Ta ce waɗanda suka daure sukan dawo da ƙarfin da ba su da shi a da, amma yawancin samari a nan suke bari, kuma ba gwiwa ke korar su ba, zato suke sun ƙare. Ta ce ita tana gaya masa kullum, yana ganin aikinta ne ta faɗa. A gida yake bukatar ji. Ta riƙe hannuna ta ce in gaya masa ina alfahari da shi.

Na ce to. Me zan ce? Ta yaya zan gaya wa Baturiya cewa tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba? Cewa ɗan fari ne, ranar sunansa ma Umma ce ke kawo min shi bayan ɗaki in ba shi nono? Turancin da na koya bai kai nan ba.

Sai na aiki Raki. Na ce ta je ta gaya wa yayanta abin da Monica ta faɗa, cikin hankali. Ina kicin na jiyo ta da muryar nan tata ta 'yan Manchester tana cewa, “Mum ta ce wai ka zama raƙumin dawa, amma wai zai wuce.” Ban ce raƙumin dawa ba, wallahi. Ya rufe ƙofa har sai da kofunan suka yi ƙara.

Akwai babbar gasa a garinku Birmingham a watan Nuwamba. Monica ta so ya huta bana, shi ya ƙi. In ba takura, muna so mu sauka wajenki. Ki gaishe min da Inno da maigidan.

Taki ƙanwa,
Batulu

Cheetham Hill
Nuwamba, 2013

Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya, ya gajiyar baƙi? Mun iso gida lafiya. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Dambun da kika zuba mana Raki ta cinye rabi tun kafin mu bar gari.

Kin dawo daga aiki kin tarar da mu shiru, kika yi ta tambaya, na ce gajiya ce. Ba gajiya ba ce. Da ma an ba ki hutun ranar nan, Yaya. Da ke ce a gefena da abin bai zo haka ba.

Da kika ce Inno ta raka mu ta ga gari, na yi murna. Ban yi tunani ba. A sauran gasanni ni kaɗai ce Bahaushiya, ina samun lungu in zauna, ba mai lura da inda idona yake. Wannan karon Inno ta ja ni har layi na biyu don ba ta gani daga nesa. Ta yi ta mamakin gashin kantin da aka ɗora wa 'yan mata, ta ce kan kowacce kamar an kife mata kwandon taliya. Ko'ina iyaye mata ne a durƙushe, wannan tana murza wa ɗanta ƙafa, waccan tana ɗaure masa takalmi tana sumbatar goshinsa. Shi Monica ce ta maƙala masa lamba a falmaran.

An kira su biyu biyu. Mai kiɗan nan da ake ja ana matsawa kamar zugazugi ya fara. Farko ya yi kyau, har Inno ta ce a'a, wannan jikan namu ne? Sai aka zo wurin nan da yake tsayawa a kicin. Na san wurin, na haddace shi da kunne. Ya tashi sama, da ya sauko gwiwar ta ƙi ɗaukarsa. Ya faɗi da hannu biyu a gaban alƙalai. Aka kaɗa ƙararrawa, kiɗa ya tsaya. Ya tashi da kansa, ya rusuna musu, ya sauko.

Bai nufi wajen Monica ba. Wajena ya nufo, Yaya, ta tsakiyar mutane, yana jan ƙafa, dogo haka. Ya tsaya a kaina. Rabon da ya tsaya kusa da ni haka a gaban jama'a tun yana ƙarami.

Inno tana kallona. Ban ce ta hana ni komai ba, baiwar Allah ko magana ba ta yi ba. Amma babba ce, kuma idonta na kaina. Wuyana ya ƙi ɗagowa. Na juya na kama gyara wa Raki ɗankwalin da ba abin da ya same shi, na ce mata ta miƙa masa ruwa. Ya ɗan tsaya. Bai karɓi ruwan ba. Wata mata da ban sani ba, uwar yaron da suka hau tare, ita ta taso ta dafa kafaɗarsa ta kai shi inda ake sa ƙanƙara.

A mota Inno ta yi ta yabona. Ta ce ta ga 'yar gidan mutunci, duk shekarun da na yi a Turai ban zubar da kunya ba, ko ƙifta ido ban yi ba. Yana kujerar baya yana ji. Hausarsa ba ta da ƙarfi, amma ta isa ta gane ana yaba min don na juya masa baya.

Tun da muka dawo yana gaishe ni, yana cin abinci, yana tafiya makaranta. Kicin shiru. Kada ki ce wa Inno komai, ba laifinta ba ne.

Ƙanwarki,
Batulu

Cheetham Hill
Mayu, 2014

Zuwa ga Yaya Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri na daɗe ban rubuto ba. Yaya jikin maigidan, an sauke masa hawan jinin? Allah ya ƙara sauƙi. Raki tana gaishe ki, ta ce kin yi mata alkawarin lalle.

An rufe hall ɗinmu. An ce council, wato ƙaramar hukuma, ba kuɗi, an rufe laburaren kusa da mu ma, da wurin wasan yara. Ajinmu na karatu ya watse, Malama Justina ta koma aiki a gidan tsofaffi. Monica ta samu wani ɗaki a bayan coci, sai an shiga bas biyu. Ba wannan ya hana shi ba, don tun kafin a rufe ya daina zuwa.

Monica ta zo har gida. Ta zauna ta sha shayi, ta ce gwiwar ta kusa warkewa, tsawon ma ya fara tsayawa, yanzu ne ya kamata ya dawo a hankali. Ya fito ya gaishe ta da ladabi, ya ce ya gode, ya gama. Abbansa ya ji daɗi a ransa, ya ce da ma jarrabawar GCSE na tafe, kuma yaro ya balaga, ya isa haka. Ni na san ba karatu ne ya sa shi bari ba. Ranar Asabar da safe, lokacin da ya saba fita da jakarsa, sai ya kwanta yana kallon silin har azahar. Ya tattara kofunan ya sa a kwali ya tura ƙarƙashin gado.

Na yi ƙoƙari, Yaya. Wata ranar Lahadi Abbansu ya fita da Raki, mu biyu ne a gida. Na yi kwana da kwanaki ina shirya maganar, har na gwada ta a banɗaki a gaban madubi. Na shiga ɗakinsa na tsaya. Ya cire abin kunnensa yana jira. Abin da ya fito daga bakina shi ne, ko ya ci abinci.

Ya yi dariya, ba ta daɗi ba. Sai ya yi magana da Turanci, a hankali don in gane. Ya ce lokacin da yake cin kofuna ban taɓa tafa masa ba, ban taɓa cewa ya yi kyau ba, ya ɗauka ban gane rawar ba ne. Ya ce ranar da ya faɗi ne ya gane na gane, kunyarsa nake ji. Ya ce ba komai, yanzu ba zai sake ba ni kunya ba.

Kin ji, kunya ya ce, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ba irin wadda yake nufi ba. Na so in ce masa duk shekarun nan in Malama Justina ta ba mu hutu, sauran mata su tafi shan shayi, ni in tsaya a kan bene ina leƙensa ta gilashin ƙofa. Na so in ce na san kowane taku nasa. Na buɗe baki, hawaye ya riga magana, na fita. Ya ɗauka fushi na yi.

Na yi ta tunani a kan abin nan. A gida da Umma take kawar da kai daga ɗanta na fari, Yaya Maharazu, ai bai rasa komai ba. Goggo na nan tana yi masa kirari, kaka tana ɓoye masa ƙosai, in ya faɗi mata biyar ne za su taso. Uwa ta yi shiru don gidan cike yake da masu magana a madadinta. Ni na ɗauko shirun na kawo shi flat mai ɗaki biyu, na baro masu maganar a Kano. Ba wanda ya gaya min, ni ma ban lura ba sai da yaro ya fi ni tsawo.

Yanzu ga roƙona. Ya ce yana so ya zo wajenki in an yi hutu, kuma in za ki yarda ya zauna ya yi makaranta a can. Abbansa ya ce makarantar kusa da ku ta fi tasu, bai ƙi ba. Ni ma ban ƙi ba. Da a gida ne ma tun yaye ke za a ba, naki ne. Ki karɓe shi. Ba ya son albasa a ƙwai, kuma in ya ce lafiya lau, ki dubi yadda yake sauka bene.

Taki,
Batulu

Cheetham Hill
Fabrairu, 2015

Yayata Hajo,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da ɗan naki. Na ji Inno ta isa Kano lafiya, Allah ya huta gajiya. Mu nan ruwa ake ta yi, Raki ta yi mura amma ta warware.

Takardarki ta iso. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na sake karantawa a zaune. Na gode da ba ki ɓoye min ba.

Ashe tun Oktoba ya koma rawa. Ashe duk ranar da na kira kika ce ya tafi laburare, yana unguwar Digbeth wajen wannan malamar rawar, Clara. Ban ji haushi ba, na yi sujada. Da kika rubuta cewa in ya buga ƙafa yanzu har tagogi na amsawa, kuma Clara ta ce ba ta taɓa ganin mai tashi sama kamarsa ba, sai na kira Monica na gaya mata. Ta yi ihu a waya har na janye ta daga kunne. Ta ce ai ta faɗa. Ta faɗa kam.

Na gode kuma da kika zaunar da shi kika yi masa bayanin ɗan fari, har da labarin Umma da Yaya Maharazu. Kin ce ya tambaye ki ko ni ma haka aka yi min, kika ce a'a, ni 'yar auta ce, a cinya na girma. Kin ce ya yi dariya. Da na ga dariyar nan.

Sai ɗaya maganar. Kin yi ta kewaye-kewaye kafin ki faɗa, har kin cika shafi da labarin farashin kifi. Na gane, Yaya. Gasar watan gobe yana so ke ki je, ni kada in zo. Kin ce ya ce ba fushi yake ba, ya fahimta yanzu. Amma in ina cikin hall idonsa ni yake nema, in ya same ni kuma ya ga kaina a sunkuye, ƙafarsa sai ta ɓace masa. Ya ce ba ya so ya sake faɗuwa a kan abin da ba zan iya canzawa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na je har tashar coach don in yanki tikitin mota. Na ce zan zo in sa niƙabi in zauna can baya, ba mai sani. Na tsaya a layi har aka kusa zuwa kaina. Sai na tambayi kaina, in ya sauko ya nufo ni, zan ɗaga kai? Na so in ce e. Na tsaya ina neman e ɗin nan a cikina, ban same ta da tabbas ba. Kuma wace mai niƙabi ce za ta ɓuya a gasar rawar Irish? Na fita daga layi na hau tram na dawo gida. Abin da na roƙa ya koma rawarsa, kuma ya koma. Ban roƙa da sharaɗin sai ina wurin ba.

Na aiko da falmaran ɗinsa ta hannun Khadijatu, 'yar maƙwabtanmu da ke jami'a a wajenku. Na buɗe shi ta gefe na ƙara ƙyalle, na kwatanta faɗin da rigar Abbansa. In bai yi ba ki kai wa tela. Ba sai kin ce daga ina ya fito ba, in ya tambaya kuma kada ki yi ƙarya.

Ranar, ki tabbata ya motsa jiki sosai kafin a kira shi, yana da gaggawa. Ba ya iya cin abu mai nauyi, ayaba da ruwa sun isa. Ki tafi da ƙanƙara a jaka ko da ya ce ba ya so. Ki nemi hutun tun yanzu, kada su sa ki aiki.

Ki zauna a gaba. Kada ki ji nauyin kowa, ke ba ki da dalili. Ko ya ci ko ya faɗi, ki tashi ki tafa, ki kira sunansa da ƙarfi yadda na baya ma za su ji, irin kiran da kike mana daga bakin rijiya muna yara. In ya sauko daga dandamali zai duba cikin mutane. Ki tabbata ya same ki a tsaye.

Allah ya bar mu tare, ya raya mana su. Ki gaishe da maigidan. Ki gaishe shi.

Ƙanwarki,
Batulu